GOBARA: A DUBA TUN BA TA TASHI BA

Kowace shekara, da zarar kaka ta wuce, hunturu ya buso, ciyawa da kara suka bushe, sai mu fara jin labarin gobara daga nan da can. Abin har ya zame mana jiki, kamar wani haraji ne da a ke biya shekara shekara. In kasuwa ta ƙone sai manya su tafi jaje, a kafa kwamiti, a tara gudummawa, a yi alkawarin sabon gini. Bayan wata biyu ko uku kuwa sai maganar ta mutu, kowa ya koma rumfarsa, ya sake jan wayar lantarki yadda ta ke a da, ya sake jibge kaya a bakin ƙofa. Jaje da gudummawa abin kirki ne, ba mai ƙinsu. Amma akwai aikin da ya fi su amfani, watau wanda a ke yi tun wuta ba ta tashi ba, shi ne kuwa ba mu cika kula da shi ba.

Bari mu tuna wa masu karatu kaɗan daga cikin abin da ya auku. A cikin shekarar 2010 gobara ta yi ɓarna mai yawa a Kantin Kwari. A watan Fabrairu na 2016 ta faɗa wa Kasuwar Singa. Ba a gama jajen wannan ba, ran 26 ga watan Maris na shekarar, ta tashi da tsakar dare a Kasuwar Sabon Gari, ta cinye rumfuna da kantuna wajen 3,800 bisa ga lissafin da hukumomi suka bayar. A 2021 Babbar Kasuwar Sakkwato ta ƙone cikin Janairu, ta Katsina ta bi ta cikin Maris. Har ila yau, ranar Babbar Salla ta 2025, mutane na cikin hidimar layya, wuta ta kama kasuwar wayoyi ta Farm Centre a Kano.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan kasuwanni duk a cikin manyan birane su ke, inda hedkwatar 'yan kwana-kwana ta ke, da motocinsu da ma'aikatansu. Duk da haka ba a iya tare wutar ba sai da ta yi abin da ta yi. To, ina ga mu da ke kudancin Kano, mutanen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa? Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

HALIN DA MU KE CIKI

Arzikin ƙasarmu kusan duk abin da wuta ke so ne. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya bunƙasa a wannan sashe, shinkafa ta yawaita. Tudun Wada ta yi suna wajen cinikin shinkafa da injinan casa, bayan kowane inji kuwa akwai tsibin ɓuntu, ga matan da ke turara shinkafa da manyan tukwane bisa itace. A ƙasar Doguwa masara ce cike da rumbuna da ɗakunan ajiya. A Kwanar Ɗangora, inda hanyar Jos ta rabu da ta Zariya, manyan motoci da tankokin mai su kan tsaya, kusa da su ga mai shayi da rishonsa, ga mai tsire da tukubarsa, ga 'yan bumburutu da jarkokinsu. A wajen dajin Falgore kuma, in rani ya yi, ƙunar daji ba ta san iyakar gona da gari ba.

Sa'an nan ga nisa. Wutar da ta kama ɗaki mai kaya tana iya game shi duka cikin 'yan mintoci. Kafin a buga waya, a tashi direba, mota ta kamo hanya ta iso Riruwai ko wani ƙauye na bayan Tiga, ai sai dai ta tarad da toka. Ko ta iso da wuri, sau da yawa ba ta samun hanyar shiga kasuwa, don tebura da rumfunan kwano sun cinye layi. Ruwan da ke cikin tankinta kuwa, in an buɗe mesa sosai, ba ya daɗewa ya ke ƙarewa, sai ta juya neman wani. Ga ruwa maƙil a Tiga, amma ba ya kashe wutar da ta tashi a kasuwar da ba ta da ko rijiya. Saboda haka mu mutanen karkara, abin da zai cece mu yana hannunmu ne, kuma kafin ranar a ke yinsa.

ABIN DA A KE NUFI DA DUBAN WUTA

Abin da mu ke kira duban wuta ba wani abu ne mai wuya ba. Mai wuri ne, ko wanda ya wakilta, zai ɗauki takarda da alƙalami ya zaga kantinsa ko injinsa ko makarantarsa a tsanake, yana neman inda wuta za ta iya tashi, da wanda za ta iya rutsawa da shi, sa'an nan ya gyara abin da ya gani, ya rubuta, ya sa ranar da zai sake dubawa.

Waɗansu ƙasashe sai da suka sha wuya kafin su koyi wannan. A birnin New York na Amurka, ran 25 ga watan Maris 1911, wuta ta kama wani gidan ɗinki a saman bene, ma'aikata 146 suka hallaka, yawancinsu 'yan mata, domin masu wurin sun kulle ƙofa wai kada a yi musu sata. Bayan wannan ne aka yi ta kafa dokokin tsaron ma'aikata a can. A Ingila, da can hukuma ce ke zuwa ta duba ta ba da takardar shaida, mai wuri ya rataye ta a bango ya manta. Da suka ga wannan bai wadatar ba, sai suka yi sabuwar doka a 2005, ta fara aiki a watan Oktoba 2006, wadda ta ɗora nauyin duban a wuyan mai wurin da kansa. Aikin hukuma shi ne ta zo ta ga ko ya yi, in bai yi ba ta kai shi gaban shari'a.

Mu ma a Nijeriya ba a bar mu haka ba doka ba. Akwai Dokar 'Yan Kwana-kwana ta 1963. Akwai kuma Dokar Masana'antu ta 1987, wadda ta wajabta wa kowace masana'anta ta tanadi kayan kashe wuta da hanyar tsira, ta kuma hana a kulle ƙofa yadda ba za ta buɗu daga ciki ba muddin akwai ma'aikata a wurin. Doka ce mai kyau ƙwarai. Sai dai masu duba ta ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne, aikinsu ya fi yawa a manyan masana'antu irin na Bompai da Sharaɗa da Challawa. Rumfar kasuwa da ɗakin kwanan ɗalibai da makarantar allo kuwa ba masana'antu ba ne. A nan giɓin ya ke, a nan ne kuma yawancin jama'armu ke wuni, su ke kwana.

TAMBAYOYI BIYAR

Wuta kamar tukunya ce a kan murhu, duwatsu uku ke riƙe da ita: zafin da zai kunna ta, da abin da za ta ci, da iskar da za ta hura ta. In aka janye dutse ɗaya, sai ta faɗi. Mai duban wuta da wannan zai fara.

Tambaya ta fari, me zai iya kunna wuta a nan, me kuma za ta ci? A duba wayoyin lantarki, musamman inda aka yi haɗi aka naɗe da leda, da inda aka cusa filogi biyar ko shida a soket ɗaya. A taɓa soket a ji, in ya yi zafi ko ya yi baƙi, to yana ba da sanarwa ne. Gobara da yawa da dare su ke tashi, domin an ɗauke lantarki da rana, mai kanti ya rufe ya tafi gida bai kashe hita ko dutsen guga ba, can cikin dare aka maido. A duba janareta, da inda a ke ajiye man da a ke zuba masa. A duba batiran sola da suka yawaita yanzu, waɗanda a kan tura ƙarƙashin tebur a rufe su da kwali. Ba ƙananan kantuna kaɗai wannan ya shafa ba. Gobarar da ta hallaka mutum 10 a benen Afriland na Legas a watan Satumba 2025, daga ɗakin batira na ƙarƙashin ginin aka ce ta taso. Tukunyar gas kuma a shafa wa bakinta da mesarta ruwan sabulu, in ya yi kumfa to tana yoyo. A sani kuma gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa ya ke kwantawa ya taru, ƙyastu ɗaya ya ke jira. Masu injin casa su lura da tsibin ɓuntu, don yana iya cin wuta ta ciki kwana da kwanaki ba a gani ba, sai iska ta taso ta tona shi.

Ta biyu, wa ke cikin hatsari? Mai kanti ya kan tuna da kayansa ya manta da yaron da ke kwana a ciki, wanda a kan kulle shi ta waje. A tuna da maigadi, da masu aikin dare a inji, da ƙananan yara, da tsofaffi, da makafi da guragu, da baƙin da suka zo cin kasuwa ba su san lungunanta ba. A tuna kuma da maƙwabci, don wuta ba ta tambayar rumfar wane ce.

Ta uku, me za a kawar, me za a rage? Wannan ita ce zuciyar aikin, yawancinsa kuma ba ya cin ko kwabo. A raba mai da wuta: mai sayad da fetur da mai tuya kada su zauna inuwa ɗaya. A kashe janareta, a bari ya huce kafin a ƙara masa mai, a kuma ajiye shi waje, don hayaƙinsa ma kisa ya ke yi ba a ji ba a gani. A kwashe kwali da leda da buhunan banza kowace yamma. A sa makashin lantarki ɗaya a bakin kowane layi, wanda za a kashe in an tashi kasuwa. A share ciyawa a kewaye rumbuna da ɗakunan ajiya tun kafin a fara ƙunar daji. A buɗe layukan da aka toshe, yadda mota za ta iya ratsawa.

Ta huɗu, in duk da haka ta tashi, ƙaƙa za a yi? Wa zai yi kururuwa, da me, ƙararrawa ko usur? Ta ina za a fita, a ina za a taru a ƙirga mutane? Lambar 'yan kwana-kwana mafi kusa, da lambar neman agaji ta ƙasa, watau 112, a rubuce su ke a bango? Kowa ya san ba a watsa wa wutar fetur ko ta man tuya ko ta lantarki ruwa? Ruwa yaɗa wutar mai ya ke yi, a kan lantarki kuwa mai watsawar zai ja. Maganin waɗannan shi ne yashi, ko murfi, ko bargo mai kauri, ko tukunyar kashe gobara mai hoda, bayan an yanke lantarkin. Bokitin yashi biyu a bakin kowace rumfa ba su fi ƙarfin kowa ba. A kuma koya wa mutane cewa hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, in ya cika ɗaki a duƙa a yi rarrafe, wanda ya fita kuma kada ya koma ɗauko kuɗi.

Ta biyar, yaushe za a sake dubawa? Aƙalla sau ɗaya a shekara kafin hunturu, da kuma duk sa'ad da aka sake wani abu, kamar an ƙara inji, ko an ƙara ɗaki, ko an sa sola.

MAKARANTUNMU

Mu da aikinmu ya ke na zaga makarantu, ba za mu nuna wa 'yan kasuwa yatsa mu ƙyale kanmu ba. Kaya in sun ƙone a kan mai da su, ɗa kuwa ba a mai da shi. A ƙarshen watan Nuwamba 2015 wuta ta kama ɗakin kwanan ɗalibai a makarantar 'yan mata ta Jogana a nan Jihar Kano, yara 7 suka rasu, waɗansu da dama suka yi rauni. A Jamhuriyar Nijar, ran 13 ga Afrilu 2021, yara 20 suka ƙone a azuzuwan zana a Yamai, ran 8 ga Nuwamba na shekarar kuma aƙalla 25 a Maraɗi. A watan Fabrairu 2025 almajirai 17 suka rasu cikin dare a wata makarantar allo a Ƙauran Namoda. Allah ya ji ƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Mun taɓa shiga wani ɗakin kwana a wata makarantar da ba za mu ambaci sunanta ba. Gadaje sun fi sittin. Ƙofa biyu ce, amma ɗaya an sa mata kwaɗo, an kuma jingina akwatuna a jikinta. Tagogi duk an yi musu waldar ƙarfe saboda ɓarayi. Da muka nemi mabuɗi sai aka ce yana wurin maigadi, maigadi kuwa ya tafi gari. Akwai tukunyar kashe gobara ja wur a bango, da muka duba takardar jikinta sai muka ga shekara shida ke nan ba a sake cika ta ba, ba kuma malami ko ɗaya da ya taɓa zare ƙusarta. Shugaban makarantar mutumin kirki ne, mai ƙwazo, ba mugunta ta sa shi haka ba. Tsoron masu satar mutane da ɓarayi ne ya sa ya ƙarfafa kulle, tsoron nan kuwa yana da dalili a wannan zamani. Amma akwai sakatar da ke hana na waje shiga, ta kuma buɗu da hannu ɗaya daga ciki. Kafin la'asar ran nan an cire kwaɗon, an sa irin wannan sakata, kuɗinta bai kai na buhun masara ba. Abin da ya dame mu shi ne, shekara da shekaru mu da waɗanda suka riga mu muna zuwa makarantar muna duba rajista da littattafan darasi, ba wanda ya taɓa girgiza ƙofar nan ya gani.

MASU CEWA A'A

Mun san akwai masu cewa gobara ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Gaskiya ne, mu ma mun yi imani da haka. Amma malamanmu sun karantad da mu cewa da wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci jama'a su riƙa kashe wuta in za su kwanta. Ashe ke nan rigakafi yana cikin addini. Wanda ya ke kulle kantinsa da kwaɗo uku don ɓarawo bai ce sata ƙaddara ce ya bar shi buɗe ba.

Akwai masu cewa ba kuɗi. Mun riga mun nuna yawancin gyaran na tsari ne da tsabta. Wanda ke cin kuɗi, kamar sake waya da sayen tukunyar kashe gobara, 'yan layi ɗaya suna iya yin karo-karo, kamar yadda su ke yi wajen biyan maigadi.

Magana ta uku ita ce mai nauyi, ba kuwa za mu ɓoye ta ba. Mutane na tsoron kada duban wuta ya zama wata sabuwar ƙofar karɓar na goro, ma'aikaci ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, a miƙa masa abin da a ke miƙawa, ya buga hatimi ya wuce. In haka za a yi, gara ma ba a fara ba, don takardar ƙarya ta fi rashin takarda hatsari, tana sa mutum ya yi barci da munshari a kan garwashi. Maganin wannan shi ne a yi abin a fili. Kada mai duba ya zaga shi kaɗai, ya tafi da Sarkin Kasuwa da shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa da wakilin Dagaci. Duban fari ya zama kyauta, kuma na gargaɗi. Abin da aka gani a rubuta a liƙa a bakin layi, da ranar da aka ɗiba don gyara, kowa ya karanta. Maƙwabcin da ya san rumfarsa za ta ƙone tare da taka, ya fi kowane ma'aikaci iya matsa maka.

WA ZAI ƊAUKI NAUYI

Dattawanmu suna tune da duba-gari na zamanin En'e, wanda ya kan shiga gida ya leƙa randa da kwatami da masai, in ya ga ƙazanta ya yi gargaɗi, in an ƙi ji a gamu a gaban Alƙali. Mutane sun yi ta ƙunƙuni, amma gari ya tsabtata. Har yanzu akwai magadansa, ma'aikatan tsabta na Ƙananan Hukumomi. Tsarin Mulki na 1999 kuma ya danƙa wa Ƙananan Hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota, da tsara al'amarin kantuna da gidajen abinci da na burodi. Watau ba sai an jira wata sabuwar doka daga Abuja ba, ikon yana nan a Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa.

Saboda haka ga shawararmu. Ƙananan Hukumomin nan huɗu su roƙi Hukumar Kashe Gobara ta Jiha ta horad da duba-garinsu na 'yan kwanaki a kan tambayoyin nan biyar. A buga su da Hausa a takarda ɗaya, da boko da ajami. Hannun da ke karɓar kuɗin rumfa da na lasin ya riƙa miƙa wannan takarda, kada kuma a sabunta lasin injin casa ko gidan burodi ko wurin sayad da gas sai an ga an cika ta, an je an tabbatar. Wani kaso na kuɗin kasuwa a ware shi don tankin ruwa ko rijiyar burtsatse a kowace babbar kasuwa. Hakimai da Dagatai da limamai su ja kunnen jama'a kafin hunturu, su haɗa da maganar tankar mai in ta faɗi, domin abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba 2024, inda fiye da mutum 150 suka hallaka wajen kwasar fetur, yana iya faruwa a kowace kwana ta hanyar Zariya ko ta Jos.

Mu kuma ma'aikatan ilmi, namu ya fi sauƙi, ba mu da hujjar jinkiri. Duk mai duba makaranta ya sa ƙofofi da tagogi da wayoyi da ɗakin girki a cikin rahotonsa. Kowane zango a buga ƙararrawa ba zato, a ga minti nawa yara za su yi kafin su fita, a rubuta. Kwalejojin horon malamai su koya wa ɗalibansu wannan kafin su ba su takardar shaida. A kuma ziyarci alarammomi cikin ladabi, a taimake su su raba wurin kwanan almajirai da inda a ke tara kara da hura wutar karatu. Yaron da ya koyi wannan a makaranta, shi ne gobe zai gaya wa ubansa a kasuwa.

Muna roƙon kowane mai karatu da ke da kanti ko inji ko makaranta, kada ya jira sai an aiko masa da takarda. Yau in ya tashi rufewa, ya tsaya minti goma ya dubi wurin da idon baƙo, ya taɓa soket, ya girgiza ƙofar baya, ya tambayi kansa wa zai kwana a ciki. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyashe mu da sharrin wuta, amin.